Gwiwata Ta Yi Sanyi, Ga Shi Ana So In Rubuta Abin da Ke Zaburar da Ni

Assalamu alaikum Malam. Ina fatan kuna lafiya, Allah Ya ƙara basira. Ni matashi ne mai shekara 27, na karanta aikin gona a wata jami'ar gwamnati, ɓangaren kare amfanin gona daga ƙwari da cututtuka, kuma duk da yajin aikin da ya ja mana lokaci na fita da sakamako mai kyau. Shekara biyu ke nan da gama hidimar ƙasata, tun daga lokacin nake tura takardun neman aiki, amma yawancin wuraren ko amsa ba sa ba ni. Wani abokin karatuna ya samu tallafin digiri na biyu a Turai, ya turo mini hanyar da zan nema, kuma cikin abubuwan da ake buƙata akwai takardar da suke kira motivation letter. Kusan wata guda ke nan ina buɗe kwamfuta ina rufewa ban rubuta layi uku ba, domin gaskiya ni ba ni da wani motivation, komai ya fita daga raina. Kullum dare sai na kalli masu jawabin zaburarwa a YouTube da TikTok har ƙarfe biyu, in ji kamar in tashi in kama aiki, amma da gari ya waye sai jikina ya mutu, bayan asuba in koma barci har azahar ta kusa. Mahaifina manomin tumatir ne a yankin noman rani na Kano, yana cewa lalaci ne ya kama ni, in ajiye takardu in biyo shi gona. Mahaifiyata kuwa tana ganin hannu aka sa mini, tana so a kai ni wurin malamai. Ga kuma yarinyar da nake nema, iyayenta sun fara cewa in turo magabatana. Malam, shin ni rago ne? Kuma yaya zan rubuta abin da ba na ji a zuciyata?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Zan fara da tambayar da na ga ta fi ci maka rai: ban ga alamar ragwanci a labarinka ba. Rago ba ya kwana yana tuhumar kansa, kuma ba ya shafe shekara biyu yana aika takardu zuwa wuraren da ba sa ko amsa sallama. Kana cikin ɗaliban da yajin aikin malaman jami'a na 2020, wanda ya kai wata tara, da na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, suka zaunar a gida, amma ka koma aji ka kammala da sakamako mai kyau. Abin da ya same ka shi ne sanyin gwiwar da ke kama mutumin da ya daɗe yana ƙoƙari bai ga ƙoƙarin ya haifar da komai ba. Zuciya tana ɗaukar darasi daga abin da ya yi ta maimaituwa gare ta, kuma darasin da taka ta ɗauka a shekarun nan biyu shi ne cewa da motsi da zama duk ɗaya ne. Wannan darasin kuskure ne, amma faɗa da gori ba sa kankare shi, sai mutum ya sake gani da idonsa cewa aikin hannunsa yana sauya wani abu, ko da ƙarami ne.

Kafin mu je ga maganar takarda, akwai jimla ɗaya a wasiƙarka da ba zan tsallake ba, wato inda ka ce komai ya fita daga ranka. Ina so ka tambayi kanka da gaske ko rubutun nan kaɗai ne ya gagare ka, ko kuwa har abubuwan da a da kake jin daɗinsu sun daina yi maka daɗi, kamar kallon ƙwallo, zama a majalisa da abokai, ko cin abincin da kake so. Likitoci suna cewa idan mutum ya kai mako biyu ko fiye yana cikin ƙunci ko rashin sha'awar komai a mafi yawan wuni, kusan kowace rana, tare da rikicewar barci, sauyin cin abinci, kasa tattara hankali da ganin kansa ba shi da amfani, to akwai yiwuwar ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne da ake magance shi kamar sauran cututtuka. Haka nan ƙarancin jini da ciwon suga suna iya kashe jiki har a ɗauka kasala ce. Saboda haka shawarata ta farko ita ce ka je asibiti cikin makon nan, ka ga likita, ka faɗa masa abin da ka faɗa mini ba tare da ragewa ba, a gwada jininka, idan kuma ya ga dacewar tura ka sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ka je ba tare da jin kunya ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da wannan sashe, akwai kuma asibitin Dawanau. Idan har tunanin cutar da kanka ko fatan mutuwa ya taɓa ɗarsuwa a ranka, kada ka jira mako, ka faɗa wa wani babba da ka yarda da shi a ranar, ku tafi asibiti tare.

Mahaifiyarka ta ga abin da ni ma na gani, wato ɗanta ya sauya, sai ta fassara shi da abin da ta sani. Kada ka yi musu da ita, kada kuma ka nuna mata cewa tunaninta na rashin boko ne, domin tsoro da ƙauna ne suke magana a bakinta. Ka roƙe ta addu'a, ka riƙe azkar ɗinka na safe da yamma, ka kuma sanar da ita cewa za ka ga likita, in ta yarda ma ta raka ka. A cikin Sahihul Bukhari akwai addu'ar da Anas ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yawan yi, wadda a cikinta yake neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala. Malamai sun bambanta biyun ƙarshe, suka ce gajiyawa ita ce mutum ya so abu ya kasa, kasala kuwa ya iya ya ƙi. Kai da kake zama gaban kwamfuta kullum kana so ka rubuta, ka fi kusa da ta farkon. Iyakar abin da zan ja kunnenku a kai shi ne mutumin da zai ce ya gano wanda ya yi maka asiri a cikin dangi ko maƙwabta, sannan ya nemi rago da kuɗi. Irin wannan yana ƙara wa gida gaba, kuma yana cinye watannin da ya kamata a yi magani a cikinsu.

Yanzu ga takardar da ta tsaya maka. Ina ganin rabin wahalarka ta samo asali ne daga yadda ka fahimci kalmar, domin Turawa suna amfani da ita ta fuska biyu. Idan Bature ya ce motivation ɗinsa ya ƙare, yana nufin himma da ƙwarin gwiwa, abin da ake ji a zuciya, wanda yake hawa yana sauka. Amma idan takardar neman gurbi ta tambaye ka motivation ɗinka na neman wannan karatu, dalili take tambaya, wato me ya sa kake so. Masu tantancewa ba su da ma'aunin zafin zuciyarka a ranar da ka yi rubutu, kuma ba shi suke nema ba. Suna so su san abin da ya kai ka ga wannan fanni, dalilin zaɓen wannan shiri a kan wasu, abin da ka riga ka yi da ke nuna za ka iya, da kuma inda za ka kai ilimin idan ka gama. Jami'o'in Ingila da Amurka sukan kira irin wannan takarda personal statement ko statement of purpose, 'yan uwanmu na Nijar kuwa kusan duk mai neman aikin ofis a cikinsu yana haɗa lettre de motivation da takardunsa, kuma ba wanda yake jiran zuciyarsa ta yi zafi kafin ya rubuta ta. Mutumin da gwiwarsa ta yi sanyi yana iya amsa waɗannan tambayoyi da gaskiya, ba tare da ya yi ƙaryar wani shauƙin da ba ya ji ba.

Dalilin da kake nema kuwa yana cikin wasiƙarka, a jimlar da ka rubuta da ɓacin rai: mahaifinka manomin tumatir ne, kai kuma ka karanci kare amfanin gona. Ka san tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifaniya a 2006, ta bazu har ta iso gare mu, kuma a 2016 ta yi wa gonakin tumatir na Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa ɓarnar da ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin. Ka fi ni sanin kamanninta, yadda ganye yake yin fararen tabo shara-shara, idan ka ɗaga shi a rana ka hango 'yar tsutsar a kwance tsakanin fatar sama da ta ƙasa inda feshi ba ya isa gare ta da sauƙi, da yadda ɗan tumatir yake fitowa da ƙaramin rami kusa da hancinsa ya ruɓe kafin ya nuna. Ka ga yadda manomi, idan ta rutsa da shi a lokacin zafi, yake haɗa magani biyu ko uku a tankin feshi yana maimaitawa, alhali yawan feshin ne ke sa tsutsar ta saba da maganin. Ka ga kwanduna jibge a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan lokacin da kaya suka yi yawa farashi ya faɗi, ka kuma ga yadda ake ɗora kwando kan kwando a mota zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, na ƙasa ya isa a murƙushe. Farfesan da zai karanta takardarka a Jamus ko Beljiyam ya san sunan tsutsar daga littafi da ɗakin gwaji, amma ba lallai ne ya taɓa tsayawa a gonar da ake ci da iyali daga gare ta yana kallon ganye na bushewa ba. Wannan shi ne abin da kake da shi wanda yawancin masu nema ba su da shi. Ka zauna da Baba ka tambaye shi yadda shekarar 2016 ta kasance masa, nawa ya shuka, nawa ya tsinka, me ya fesa, wa ya ba shi shawara. Amsoshinsa za su iya zama sakin layinka na farko.

Ga yadda nake so ka ɓullo wa rubutun. Ka rabu da kwamfuta da Turanci tukuna. Ka kira abokin nan naka, ko wani da kuke sakin jiki da shi, ya yi maka tambayoyin da baki, kai kuma ka amsa da Hausa kana naɗar muryarka a waya. Daga baya ka saurara, ka rubuta abin da ka faɗa a takarda, sannan ka mayar da shi Turanci mai sauƙi. Za ka buɗe da matsalar da ka gani da idonka, ka bi da aikin bincikenka na shekarar ƙarshe da abin da ka yi a hidimar ƙasa, ka ambaci darussa biyu ko uku na shirin da kake nema da sunayensu tare da bayanin yadda suka shafi matsalar, sannan ka rufe da aikin da kake son yi idan ka dawo, a faɗe shi daidai girmansa ba tare da alkawarin ciyar da Afirka gaba ɗaya ba. Shafi ɗaya zuwa biyu ya isa, sai dai idan sun ƙayyade adadin kalmomi, to ka bi nasu. Kada ka kwafo samfuri daga intanet, kada ka sa ChatGPT ya rubuta maka daga tushe, kada kuma ka biya wani dillali ya rubuta, domin masu tantancewa suna karanta ɗaruruwan takardu masu buɗewa da cewa tun ina yaro nake ƙaunar noma, kuma idan aka kira ka ganawa za a tambaye ka a kan abin da ke cikin takardar. Ko takardar abokinka ma kada ka karanta sai ka gama daftarinka na farko, don kada muryarsa ta danne taka. Idan kuma kana jin wani ɗaci a ranka game da nasararsa, wannan halin ɗan Adam ne, ka yi masa addu'ar alheri ka ci gaba da amfana da shi.

Maganar bidiyoyin dare kuwa, ina ganin suna cutar da kai fiye da yadda kake zato. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Jamus, Gabriele Oettingen, ta bi diddigin ɗaliban da ke gab da kammala jami'a, a binciken da aka wallafa a 2002, sai ta tarar cewa waɗanda suka fi nutsewa cikin daddaɗan mafarkin samun aiki su ne, bayan shekara biyu, suka tura takardu kaɗan, suka samu tayin aiki kaɗan, kuma albashinsu ya fi ƙasa. Bayaninta shi ne mutum yana ɗanɗana daɗin nasara a cikin tunani, sai jiki ya saki kamar an riga an isa. Zafin da kake ji da ƙarfe biyun dare wutar kara ce, tana tashi sama nan take ta mutu kafin a ɗora tukunya. Ban ce duk masu jawabin nan mayaudara ne ba, akwai masu kyakkyawar niyya a cikinsu, amma manhajar da kake kallonsu a kai an gina ta ne don ka daɗe kana kallo, kuma farashin da kake biya shi ne barcinka da safiyarka. Mutumin da ya kwanta ƙarfe biyu ya tashi asuba dole jikinsa ya mutu, ko da lafiyarsa ƙalau. Ka gwada na mako biyu: daga ƙarfe goma na dare waya ta kwana a wani ɗaki ko a hannun ƙanenka, bayan sallar asuba kuma ka fita waje ka taka ƙasa har rana ta fito maimakon komawa shimfiɗa.

Abin da nake so ka riƙe sosai shi ne cewa himma ta fi zuwa bayan an fara aiki. Masu kula da masu ciwon damuwa ma da wannan suke aiki, suna sa mara lafiya ya tsara ƙananan ayyuka ya yi su a lokacin da aka ɗiba ko yana so ko ba ya so, sai jin daɗin ya biyo baya a hankali. Wani masani, Peter Gollwitzer, ya taɓa ba ɗalibai a Jamus aikin rubuta rahoto a kan yadda suka yi jajibirin Kirsimeti, su aiko cikin kwana biyu. Ya sa wasu daga cikinsu suka faɗi tun da wuri lokacin da za su zauna su rubuta da wurin da za su zauna, sauran kuwa bai nemi haka daga gare su ba, kuma waɗanda suka cika alkawari a rukunin farko sun ninka na rukuni na biyu har da ɗoriya. Saboda haka ka daina cewa gobe zan rubuta. Ka ce gobe, bayan karin kumallo, da ƙarfe takwas, a zaure, zan amsa tambaya ɗaya na minti ashirin, in lokacin ya cika in tashi ko da layi huɗu na samu. A ranar da rubutu ya ƙi, ka yi aikin da ba ya buƙatar tunani mai zurfi, kamar neman takardar sakamakonka daga jami'a, duba fasfo, ko kiran malamin da ya duba aikin bincikenka don ya rubuta maka takardar shaida, domin waɗannan su ne suke cin lokaci su sa a rasa wa'adi. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma wannan ma'auni yana aiki a sha'anin duniya.

Sai Baba. Na san kalmar lalaci ta yi maka zafi, musamman daga bakin wanda kake so ya yi alfahari da kai, amma ka dubi abin daga inda yake tsaye. Da kwandunan tumatir ya biya kuɗin makarantarka, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin fetur ɗin injin ban ruwa ya yi tsalle, ga tsadar taki da magani, sannan ya dawo daga gona rana ta take ya tarar da ɗansa mai digiri a kwance. Tsoro ne yake fito masa da siffar faɗa, tsoron kada wahalarsa ta tashi a banza kuma kada ka lalace a gabansa. Kiran da yake yi maka zuwa gona ma kada ka ɗauke shi hukunci, domin abin da ya mallaka ne yake miƙo maka. Masana Edward Deci da Richard Ryan, waɗanda suka shafe shekaru a Jami'ar Rochester ta Amurka suna nazarin abin da ke motsa mutum, sun ce himma mai ɗorewa tana buƙatar mutum ya ji shi ya zaɓi abin da yake yi, ya ga yana gwanancewa a kai, kuma ya kasance cikin mutanen da suka damu da shi. Kai a yanzu kowa yana zaɓar maka, shekara biyu ba ka ga iliminka ya yi aiki ba, kuma kana kulle a ɗaki kai da waya. Gona tana iya dawo maka da duka ukun idan ka shige ta da sharaɗinka.

Ka same shi bayan isha'i lokacin da ya huta, ka zauna ƙasa, kada ka tayar da maganar kalmar da ya faɗa. Ka ce masa ka ji maganarsa, za ka riƙa bin sa gona safiya uku a mako, kuma kana roƙon ya ware maka ɗan yanki da za ka kula da shi yadda aka koya maka. A yankin nan ka kafa tarkon ƙamshi mai jawo mazan malam-buɗe-littafin sharon, wato ƙwaron da tsutsar ke rikiɗa ta zama, ka riƙa ƙirga abin da ya kama kowane mako kana rubutawa a littafi, ka tsinke ganyen da ya kamu ka binne, ka riƙa sauya nau'in magani maimakon maimaita ɗaya, sannan a ƙarshen kaka ku kwatanta yankinka da sauran gonar. Ka kuma gaya masa a fili cewa sauran ranakun na neman karatu ne, ka faɗa masa watan da za a rufe karɓar takardu da lokacin da ake sa ran sakamako, domin uba ya fi haƙuri da abin da ya san ranar ƙarewarsa. Idan kana jin nauyin yi masa magana kai tsaye, ka fara da Umma ko wani kawunka da yake jin maganarsa.

Akwai tambayar da nake so ka amsa wa kanka bayan ka yi mako uku ko huɗu a kan wannan tsari, lokacin da barcinka ya daidaita: shin karatun kake so, ko kuwa fita daga gida da idon mutane kake so? Duka biyun ana fahimtarsu, amma na farko ne kaɗai zai riƙe ka a cikin sanyin Turai da kaɗaici. Idan karatun ne, ka sani gasar tana da zafi, kada ka rataya rayuwarka a kan takarda ɗaya. Shirye-shiryen digiri na biyu na Erasmus Mundus, masu tallafin Tarayyar Turai, galibi suna karɓar takardu tsakanin Oktoba da Janairu, kuma ana iya neman fiye da ɗaya. Tallafin karatu na fannonin raya ƙasa da DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, ke bayarwa yana neman gogewar aiki ta shekara biyu bayan digiri, wanda hakan ke nuna maka amfanin ka nemi aiki a wurin da zai ba ka takardar shaida, kamar KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Kano, ko ofishin Kano na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ko ƙungiyar Sasakawa da ke aiki da manoma. Idan kuma ka gano cewa tafiyar burin abokinka ce ka ara, ba abin kunya ba ne ka ajiye ta. Akwai digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru take, akwai Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, kuma matashin da ya san ƙwari da magungunansu, wanda manoman yankinsa suka ga gonarsa ta tsira, yana iya kafa sana'ar sayar da kayan noma tare da ba da shawara.

Game da yarinyar da kake nema, haƙƙinta ne ta san gaskiyar halin da kake ciki, haka ma iyayenta, waɗanda ba laifi suka yi ba da suka nemi sanin matsayinka. Kada ka turo magabata don kawai ka kashe bakin mutane alhali ba ka da abin riƙe gida, kada kuma ka yi ta ja mata rai da gobe da jibi. Ka faɗa mata abin da kake nema, da cewa idan an dace karatun zai iya ɗaukar shekara biyu, da abin da za ka kama idan ba a dace ba, sannan ka sa wani babba daga gidanku ya je ya yi wa iyayenta wannan bayanin cikin mutunci, ya nemi wa'adi mai iyaka, kamar zuwa bayan kakar tumatir da fitowar sakamako. Idan sun amince, ka samu ƙarin dalilin tashi da safe. Idan sun ce ba za su iya jira ba, zai yi ciwo, amma kada ka tsare ta da alkawarin da ba ka da ikon cikawa.

Ka sake rubuto mini bayan ka ga likita kuma kun zauna da Baba, ka haɗo da daftarin farko ko da kana ganin bai yi kyau ba, domin a kansa za mu yi gyara. Allah Ya yaye maka, Ya sa albarka a gonar da karatun.